Amsa: ghosting na budurwa da ghosting na allo

Malam, ka ce abokinka na kukan budurwarsa ta yi masa "ghosting", kuma mai gyara a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta da ke Ikeja a Legas, ya ce allonka na da shi, wai ya aka yi? Kalma ɗaya ce, asalinta "ghost", wato fatalwa. A soyayya, mutum ya ɗauke ƙafa kawai: ba kira, ba amsar WhatsApp, ba dalili. A allo kuwa, hoto ne ke barin inuwa a bayansa idan yana motsi.

Amma kwana biyu shiru bai kai ghosting ba, wataƙila caji ne babu. A neman aiki ma ana yin ghosting: ni sai da na yi intabiyu sau biyu a wani kamfani a Apapa, suka ce za su kira. Wata huɗu ke nan, ko gyaran murya.