Me Ya Sa Manhajata Ke Mutuwa Bayan Na Saka Mata Lua?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Gwammaja. Na rubuta wa kawuna manhajar lissafin kanti da harshen C, yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Na saka Lua, wani ƙaramin harshen rubuta manhaja, a cikinta don ƙa'idojin ragi, kamar nawa za a rage wa wanda ya ɗauki turmi goma, su zauna a fayil daban ana canzawa ba sai an sake harhaɗa manhajar ba. Idan na gwada rubutun Lua ɗin shi kaɗai lafiya lau yake. Amma a kanti, bayan an ɗauki awanni ana ciniki, sai manhajar ta rufe kanta. Ta ina zan fara gwaji?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka. Ba ka yi zaɓen tumun dare ba, domin Lua dama don a dasa shi cikin wata manhaja aka ƙirƙire shi a 1993, a jami'ar PUC-Rio ta ƙasar Barazil. Matsalar tana wajen gwajin. Lokacin da ka kunna rubutunka shi kaɗai, manhajar da ta ɗauke shi ita ce wadda masu Lua suka rubuta da kansu, kuma an daɗe da gyare ta. A kanti kuwa taka ce ke ɗauke da shi. Ke nan mahaɗar da ke tsakanin C ɗinka da tafintan Lua, wato ɓangaren da ke karanta rubutun Lua yana aiwatarwa, ba a taɓa gwada ta ba. Dole a rubuta gwajin da C, daga ɓangaren uwar manhaja.

Fara da tari. Duk abin da zai tsallaka tsakanin C da Lua sai ya bi ta wani tari, kamar turamen atamfar kawunka da aka ɗora wani kan wani: ka ɗora, ka kira aiki, amsa ta dawo a sama, ka sauke. Gurbi 20 kacal Lua ya yi maka alkawari, sai fa in ka nemi ƙari da lua_checkstack, kuma ba ya dubawa ko da sauran wuri idan kana ɗorawa. In kowane ciniki yana barin amsa ɗaya da ba a sauke ba, da safe ba za a ga komai ba, sai rana ta yi. Wannan ya yi kama da abin da ka bayyana, shi ya sa shi nake fara zargi.

Gwajinsa ba wuya. Karanta lua_gettop, mai faɗin yawan abin da ke kan tari, kafin ka kira aikin Lua, ka sake karantawa bayansa, lambobin biyu su zo daidai. Ka yi wa kowane aikin C da ke taɓa Lua haka, sannan ka sa kwamfuta ta yi cinikin ƙarya sau dubu ɗari a jere. Ka kuma harhaɗa Lua ɗin gwaji da LUA_USE_APICHECK, wanda zai tsayar da kai a daidai layin da ka karya ƙa'ida.

Daga nan sai ka shiga ɓata rubutu da gangan, kuma nan ne mafi yawan masu koyo ke yin ragwanci. Cire end guda ɗaya, ka tabbatar lodawa ta dawo da LUA_ERRSYNTAX, alamar kuskure a tsarin rubutu. Sa error a tsakiyar lissafi, ka ga lua_pcall, mai kiran aiki da kariya, ta dawo da LUA_ERRRUN, alamar kuskure yayin aiki. In kuwa lua_call ka yi amfani da ita kai tsaye ba kariya, to ga wanda ake zargi na biyu: kuskure ɗaya ya isa Lua ya kira abort, manhaja ta mutu. Kada ka manta, idan lua_pcall ta gaza tana barin saƙon kuskuren a saman tari, shi ma sai an sauke. Saƙon ma ba lallai ya zama rubutu ba. Mutum na iya jefo tebur (ma'ajin bayanai na Lua) a matsayin kuskure, lua_tostring ta ba ka NULL, wato babu komai.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ya kashe manhaja. A ce rubutun ya manta bai dawo da farashi ba, ko ya dawo da kalmar "kyauta". lua_tonumber ba za ta yi gardama ba, sifili za ta ba ka, rasit ya fito da shadda a naira sifili. Tun daga Lua 5.3 na 2015 akwai cikakkun lambobi daban da masu ɗigo, kuma 7/2 yana ba da 3.5, 7//2 ne ke ba da 3. Ka nemi 3.5 da lua_tointeger, nan ma sifili. Shawarata, kuɗi su tsallaka a kwabo, cikakkiyar lamba, ka karɓe su da lua_tointegerx ka duba alamar da take bayarwa ko juyawar ta yiwu. Kowanne daga cikin waɗannan ya samu gwajinsa.

Saura biyu a taƙaice. Rubuta while true do end, zagayen da ba ya ƙarewa, ka gani ko kanti zai tsaya cak. Maganinsa lua_sethook da LUA_MASKCOUNT, a katse rubutun in ya zarce adadin umarnin da ka yanka masa. Sannan ka buɗe tafintan da lua_newstate, ka ba shi naka mai rabon memori wanda zai ƙi bayarwa da gangan, ka tabbatar ka karɓi LUA_ERRMEM cikin mutunci. Kowane gwaji ya buɗe sabon lua_State, wato sabon tafinta, ya rufe da lua_close, don kada ragowar wani ta rufa wa wani asiri, kuma a kunna su duka ƙarƙashin AddressSanitizer ko Valgrind, kayan aikin gano kurakuran memori.

Tambaya: Malam, ni ma Lua nake amfani da shi wajen tsara rasit. Idan suna yana da ƙ ko ɗ, wani lokaci ƙarshensa sai ya fito da wata alama mara ma'ana. Daga wata 'yar uwa a Tarauni.

Amsa: Malama, Lua bayit, wato ma'aunin ajiyar kwamfuta, yake ƙirgawa ba harafi ba. A tsarin UTF-8 kowanne daga ƙ, ɗ da ɓ bayit biyu ne, don haka "ƙwai" harufa 4 ne amma #, alamar auna tsawo a Lua, zai ce 5. Idan string.sub ta yanka suna don ya shiga layin rasit, tana iya raba harafi biyu. Yi amfani da utf8.len da utf8.offset, suna nan tun daga 5.3. A ɓangaren C kuma ki karɓi sunan da lua_tolstring tare da tsawonsa, ki kwafe shi kafin ki sauke shi daga tari, domin bayan saukewa Lua na iya share shi. A gwajinki ki tura "Ƙofar Nasarawa" da "Ɗanbatta", ki yanka su a kowane tsawo daga 1 har ƙarshe, ki duba utf8.len bai dawo da nil ba ko sau ɗaya.