Filin Lambu: Gwandata sai fure, babu 'ya'ya

Tambaya: Salamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da gwanda ɗaya a bayan ɗakina nan Aboabo, Kumasi, ta fi shekara, ta yi tsawo har ta wuce katanga, kullum fure fure amma ko ɗa ɗaya ban taɓa gani ba, ga kabewa ma da na shuka gefenta sai ta ɗan ƙulla ta ruɓe ta faɗi. Maƙociyata ta ce in sare kan gwandar wai za ta haihu. Kuma ina fesa maganin ƙwari duk sati wallahi. Daga wata uwargida.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Toh kafin ki ɗauko adda, je ki ɗaga kai ki duba furen. In kin ga ƙanana ne da yawa suna reto a jikin dogayen silla, to namiji kika raina, shi kuwa aikinsa ba da garin fure ne kawai. Ta mace furenta babba ne, yana manne da jikin itacen daidai gindin ganye. Akwai kuma mai haɗe da duka biyun, ita ce ke yin 'ya'ya ko ita kaɗai ce a gida. Maganar sare kai na sha jinta a zango, wani lokacin namijin kan yi 'yan 'ya'ya marasa kirki, ni dai ba zan sa ki ɓata wata shekarar a kan haka ba.

Ki sayi nunanniyar gwanda mai zaƙi a kasuwar Kejetia, ki wanke irin, ki sa uku uku a rami, in sun fara fure wajen wata 5 ko 6 sai ki bar matan da masu haɗe da duka biyun ki cire mazan, namiji ɗaya ya ishi mata 10, kin ga wannan naki ma ya samu aiki kenan. Amma ki tada ƙasa ki yi tudu, don gwanda ba ta shiri da ruwa kwance, kin kuwa san Aboabo in ruwan Yuni ya sauko.

Wannan feshin na duk sati kam shi ya fi ɗaga min hankali. Kabewa furen namiji daban na mace daban, ƙudan zuma ne ke jigilar garin da sassafe, ita gwanda kuma malam-buɗe-littafin dare ne ke mata, maganin kuwa bai san na gida bai san ɓarawo ba, duk kashewa yake. Ko kokon da Ghana ke tinƙaho da shi wasu mitsi-mitsin ƙudaje ne da ba su kai sauro ba ke haɗa masa aure. Ki ajiye feshin nan, in ƙwari sun matsa ki jiƙa dakakken ganyen dogon yaro ki yayyafa bayan la'asar sakaliya.

Don jawo ƙudan zuman, ki bar ɗaɗɗoya ta yi fure kar ki tsinke duka don miya, ki kafa zogale a kusurwa, ki ajiye tasa da ruwa da 'yan tsakuwa musamman in hunturu ya shigo a Disamba, amma ki riƙa sauya ruwan saboda sauro. Kafin ƙudan su dawo, da safe wajen ƙarfe 7 ki tsinki furen kabewa namiji, ki cire ganyen furen, ki goga tsinken a cikin na macen, wato mai ɗan ƙullutu a gindi.