Me Ya Sa Ake Ɗaukar Hoto Kullum Kafin Gashi?

'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Kin tambayi dalilin da ake ɗaukar ta hoto kullum kafin gashin sankarar bakin mahaifa (wato maganin da ake yi ta hanyar haska wa cutar haske mai ƙarfi don a kashe ta), da ko hoton zai cutar da ita.

Mahaifa ba ta zama wuri ɗaya. Tana tsakanin mafitsara da hanji, idan ɗayansu ya cika sai ya ture ta. Inda ƙarin yake jiya ba lallai nan yake yau ba. Shi ya sa na'urar gashin ke ɗaukar hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki, Mama tana kwance, a gwada shi da hoton farko da aka tsara aikin a kai, a gusa gadon ko da milimita 3 ne. Ta haka hasken zai sauka kan cutar, hanji da mafitsara su samu sauƙi. Ruwan da ake sa ta sha ma don wannan ne, don mafitsara ta cika daidai kullum, ta sha daidai yadda aka ce.

Hasken hoton kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na gashin.

Abin da na fi jiye mata shi ne fashi. Yawanci zama 25 ne cikin mako 5, sannan gashin ciki (wanda ake sa abin da ke fitar da hasken a cikin jiki, kusa da cutar), ana so a gama duka cikin mako 8. Don Allah kada gajiya ko zawo su hana ta zuwa, ku gaya wa likita, akwai magani.