Filin Direbobi da Makanikai: Tseren Mota a Kan Ƙanƙara

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni direba ne, ina zaune a Agege, ina jigilar kayan gwari daga Mile 12 zuwa cikin gari. Ƙanena da ke karatu a Suwidin ya turo mini bidiyon wasu motoci suna sheƙa gudu a hanyar daji, ko'ina fari fat da dusar ƙanƙara, suna shan kwana a karkace amma ba su kife ba. Mu nan yayyafi kaɗan aka yi a gadar Third Mainland, sai ka ji bayan mota na rawa. Haɗin kwamfuta ne? In kuma gaske ne, irina da hannunsa ya faɗa a tuƙin Legas zai iya shiga?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Gaske ne, ba haɗi ba. Rali ake ce masa, kuma ina kyautata zaton na Suwidin ka gani, wanda ake yi a watan Fabrairu. An fara shi a 1950, ya koma gasar hunturu a 1965. Da can a yankin Värmland ake yi, amma da ƙanƙara ta riƙa yi musu rowa, sai suka ɗauke shi zuwa arewa, garin Umeå, a 2022.

Sirrin yana ƙafar motar. Tayar da suke sawa siririya ce, don ta yanka dusar ta taɓa daskararriyar ƙanƙarar da ke ƙasa, kuma kowace ɗaya ƙusoshin ƙarfe 384 ne a jikinta, sun ɗan leƙo waje. Ka ga abin da mai faci ke ciro maka da filaya a Oshodi, su da kuɗinsu suke dasa shi. Ƙusoshin nan ke cizon ƙanƙarar, shi ya sa gasar take cikin mafiya gudu a duniya: in aka lissafa har da kwanoni, matsakaicin gudun na gaba-gaba ya kan haura kilomita 100 a awa. Abin da direbobin ke tsoro ma shi ne rana ta buɗe. In ƙanƙarar ta narke, tsakuwa ta fito, sai ta cicciro ƙusoshin, kafin a kai ƙarshen zango tayar ta zama ba ƙusa, mota ta koma jan mai ita.

Tudun dusar da ke gefen hanya kuwa, gwanayen jingina suke yi da shi. Su bar bayan motar ya ɗan goge shi, ya tunkuɗo su kan hanya. Amma in tudun bai daskare ba, haɗiye motar yake yi, shi ya sa ba a fita sai da shebur a ciki. Wani lokacin kuma dusar ta toshe gaban lagireto, sai ka ga inji na tafasa alhali mutane na kaɗuwa don sanyi.

To, ga inda nake so ka saurare ni da kyau. Kai tuƙinka na ido ne. Ka ga danfo ya kunno kai ba sigina, ka ga rami a Ikorodu Road, ka kauce. Wannan baiwa ce, ban raina ta ba. Amma ɗan rali da kunne yake tuƙi. Kafin gasa, shi da abokin zamansa suna bin hanyar sau biyu a hankali, suna rubuta kowace kwana: dama ce ko hagu, tsananinta, mita nawa ne zuwa ta gaba, ko akwai dutse a ɓoye a cikinta. Ranar gasa abokin na karanta masa ta na'urar da ke cikin hular kwano, shi kuma yana taka totur zuwa kan tudun da bai ga bayansa ba. Tambayi kanka: yaushe rabon da yaron motarka ya ce "taho" ka taho ba ka leƙa madubi ba? Na san amsar. Duk mun san ta.

Kuma ba tare ake tashi ba. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin motocin da tazarar 'yan mintoci, da agogo ake tsere. Tsakanin zango da zango a titin kowa da kowa suke bi, dokar hanya na kansu. In ka makara a wurin buga kati, wato inda ake rubuta lokacin isowarka, sakan 10 ne tara a kan kowane minti. In ka yi azarɓaɓin shiga da wuri, minti guda cur a kan kowane minti. Mu da muka saba da kutse, nan za a fara cin mu.

Batun shiga, babu dokar da ta hana ɗan Najeriya, sai dai ana neman lasin gasa, da mota mai kejin ƙarfe a ciki, da kuɗi masu nauyi. Ka kuma sani, daga 1950 sai 2004 aka samu wanda ba ɗan ƙasashen can na arewacin Turai ba ya ci gasar Suwidin, wato Sébastien Loeb na Faransa. Su 'yan arewacin Turan tun suna yara suke juya mota a kan daskararren tafki. In da gaske kake, fara sa ido kan Safari ta Kenya, wadda ta dawo jerin gasar duniya a 2021; laka da ƙura dai ba baƙinmu ba ne.

Shi kuma ƙanen naka, in ya sayi mota can, ka ja masa kunne kada ya yi irin tamu ta ɗura ruwan famfo a lagireto. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, dare ɗaya ya ishe shi tsaga bulok ɗin inji. Ya nemi ruwan da aka yi don sanyi, ya sa tayar hunturu kafin Disamba ta kama, don can doka ce.