Hukuncin sa hannu a wasiƙar masana kwamfuta kan mabuɗin da gwamnati ke nema

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni injiniyan tsaron kwamfuta ne, ina aiki a Ingila. Abokan sana'armu sun rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman gwamnati ta daina tilasta wa kamfanoni su tanadar mata hanyar buɗe bayanan jama'a da aka kulle. Ban karanta dokar ba tukuna, amma na ga manyan masana sun sa hannu. Wani ɗalibin ilmi ya ce mini sa hannun taimakon 'yan ta'adda ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, haramcin bin diddigin sirrin mutane ba gaira ba dalili sananne ne, haka ma halaccin binciken mutum guda da alamu masu ƙarfi suka nuna yana shirin kisa, kamar yadda malamin fiƙihu Mawardi ya ambata game da aikin hisba. Yi wa hukuma nasiha ta hanyar da dokar ƙasar ta yarda da ita ma ba tawaye ba ne.

Inda na tsaya a tambayarka, ɗan'uwa, shi ne faɗarka cewa ba ka karanta dokar ba. Da ɗan kasuwa ne ya tambaye ni, da na ce ya bi masanan da ya amince da su. Kai kuwa za a rubuta sana'arka a gefen sunanka, 'yan majalisa su ƙirga ka cikin waɗanda suka duba al'amarin, saboda haka sa hannunka shaida ce, kuma ba a shaida da idon wani. Ka nemo dokar ikon bincike ta Birtaniya ta 2016 da gyare-gyaren da aka yi mata, ka zauna da ita da wasiƙar gefe da gefe. In ka samu wasiƙar ta faɗi gaskiya ba tare da ƙarin gishiri ba, sa hannu ya halatta, har ina ganin an fi so ga mai irin iliminka. In kuwa ta kai ga hana binciken wanda alƙali ya ba da umarni a kansa ta kowace hanya, to ka nemi a gyara wannan sakin layi ko ka janye.

Maganar ɗalibin ilmin nan tana komawa ga ƙa'idar toshe kafar ɓarna, kuma malamanmu na Malikiyya su ne suka fi kowa riƙo da ita, amma ba su bar ta sakaka ba. Ƙarafi, ɗaya daga cikin manyansu, ya raba kafofin nan uku, ya ambaci wani kashi da al'umma ta haɗu a kan ba a toshe shi, kamar shuka inabi, wanda ba a hana shi don tsoron a yi giya da shi. Kulle bayanai yana cikin wannan kashi, domin da shi ake tsare kuɗin mutane a banki da takardun marasa lafiya da hirar miji da matarsa, masu ɓarna da shi kuwa 'yan kaɗan ne. Sannan abin da ake nema ya fi binciken gida ɗaya nisa. Misalinsa a ce kowane magidanci ya kai wa mai unguwa kwafin mabuɗin ɗakinsa, a rataye su a ƙusa guda a zaure. Ko da mai unguwa waliyyi ne, ɓarawo ya san inda zai dosa. An kuma gani a aikace. A 1993 gwamnatin Amurka ta fito da na'urar Clipper ta kulle hirar waya wadda hukuma ke riƙe mabuɗinta, shekara guda bayan haka masanin tsaron kwamfuta Matt Blaze ya nuna cewa mai laifi zai iya kauce wa tsarin, ya zama mutanen kirki kaɗai ya ɗaure. A Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu sun kutsa ta hanyar da aka tanada don sauraron waya bisa doka, suka saurari layuka sama da ɗari, har da na firaminista. Wanda ya toshe kafa ɗaya ya buɗe wadda ta fi ta girma bai yi aiki da ƙa'idar ba. Ban ce ɗalibin ya yi mugun nufi ba, duk wanda ya ga abin da ta'addanci ya yi wa mutane zai fahimci tsoronsa, sai dai ya yanke hukunci kafin ya tambayi masu sana'ar yadda abin yake.

Ina jan kunnenka kan abin da ba ka tambaya ba. Kada zafin muhawara ya sa ka kawo misali daga sirrin kamfanin da kake wa aiki, domin amana ce, kuma ka shiga ƙasar ne bisa alkawarin kiyaye dokokinta. Dokar can ta hana bayyana umarnin tanadar hanyar buɗe bayanai in an aika wa kamfani, shi ya sa a watan Fabrairun 2025, lokacin da kamfanin Apple ya janye tsarinsa na ƙarin kariya daga masu amfani da shi a Birtaniya, bai fito ya faɗi abin da aka umarce shi ba. Ka kuma duba su waye a jerin masu sa hannu da abin da za a yi da sunanka daga baya, kuma in kana zaune ne da izinin aiki, ka shawarci lauya kafin ka aika. Allah ne mafi sani.