Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan shuka a jarkoki da ledojin ruwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, na karanta tambayarki inda kika ce jarkoki da gorunan lemo da ledojin ruwa sun taru miki a gida, kina so ki yi ɗan lambu da su a tsakar gida, amma wata maƙwabciyarki ta tsorata ki da cewa kayan miyan da aka shuka a roba suna jawo cuta. Na daɗe ina shuka a irin waɗannan kaya, kuma a ganina maganar tata tana da ƙamshin gaskiya, sai dai haɗarin ba a inda take zato yake ba. Abin dubawa shi ne abin da robar ta taɓa ɗauka kafin ta zo hannunki, sannan abin da za ki yi da ita ranar da rana ta gama cinye ta.

Jarkar man gyaɗa ko ta manja, da bokitin da aka sayo da madara ko bota, da gorar ruwan sha, duk an yi su ne don abinci, saboda haka wanki da sabulu ya wadatar. Amma jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko na kashe ciyawa, ko baƙin mai, ko fetur, ko ruwan batir, kada ta kusanci abin da za a ci, ko da an wanke ta har warin ya gushe, domin roba tana shan sinadarin a jikinta, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Ƙa'idar da malaman gona suke koyarwa game da robar maganin feshi ita ce a ɗauraye ta sau 3, a zuba ruwan ɗaurayar a cikin injin feshin, sannan a huhhuda ta yadda ba wanda zai sake zuba wani abu a ciki. Wannan ne ya sa ba na sayen tsohuwar jarka a kasuwa idan ban san asalinta ba, komai arharta.

Idan kika juya gindin yawancin robobi za ki ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku, tsarin da masana'antun roba na Amurka suka fito da shi a 1988. Lamba 2, wadda ita ce ta yawancin jarkoki, da lamba 5 ta bokitai da buhunan saƙa, da lamba 4 ta leda mai laushi, su ne na fi natsuwa da su. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo. Ba ta da laifi, amma tana da wata matsala da zan zo kanta. Lamba 3, wato PVC, irin robar da ake yin bututun ruwa da tiyo da ita, da lamba 6, wato farin soson nan da ake zuba abincin sayarwa a ciki, wanda Jihar Legas ta haramta a farkon 2024, ina nisanta su da lambu. Na farkon yana da sinadaran da ake ƙara masa don ya yi laushi, na biyun kuwa yana marmashewa ya bi iska, kaji su tsattsage shi.

Jarka mai lita 25 ita ce dukiyar mai lambun tsakar gida. Idan aka yanke samanta aka bar ta a tsaye, zurfinta ya ishi tushen tumatir ɗaya ko attaruhu ko gauta, kuma kada a yi kwaɗayin sa biyu, domin za su yi ta gasar ruwa da taki, dukansu su tsumbure. Idan aka tsaga ta a kwance sai ta ba da kwami biyu, waɗanda suka dace da salak da alayyahu da na'ana'a da albasa mai lawashi, tunda saiwarsu ba ta nisa. A ɗora ƙusa a wuta a huda gindin a wurare da yawa, a yi hakan a fili inda iska take kaɗawa. Rashin wannan hudar ne yake kashe shukar yawancin masu farawa: ruwa ya kwanta a ƙasa, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa, mai shuka ya zaci ƙishi ne ya ƙara zuba ruwa. Ƙasar da za a cika ta da ita a gauraya ta da yashi da takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki yana ƙona shuka a cikin mazubi fiye da yadda yake yi a gona, tunda ba shi da inda zai baje.

Matsalar gorar lemo ita ce haske yana ratsa ta. Saiwa duhu take so, kuma inda haske da damshi suka haɗu gansakuka takan fito a jikin gorar ta ciki. Saboda haka amfanin da na fi samu da ita shi ne ban ruwa. A huda ƙananan kafofi biyu ko uku a kusa da gindinta da allura mai zafi, a binne ta a gefen shuka har wuya, a cika ta da ruwa, a mayar da murfin ba tare da an ɗaure shi tam ba. Ruwan zai riƙa tsattsafowa daidai inda saiwa take, maimakon ya tsaya a sama rana ta shanye shi. Dabarar tsohuwa ce, domin abin da tulun ƙasa da aka binne yake yi ke nan, kuma gaskiya tulun ya fi gorar iya aikin, sai dai ita gorar kyauta ce. Barin murfin a kai wajibi ne saboda sauro, wanda a lokacin zafi ƙwansa kan zama babban sauro cikin mako guda zuwa kwana 10. Duk wata roba da ke ajiye a lambu ba ta aiki, musamman da damina, a kife ta.

Ledar ruwa kuwa, wadda muke kira fiya wata, masu renon itatuwa sun riga mu gano amfaninta. A yanke bakinta gaba ɗaya, a huda gindin, a cika da ƙasa, a shuka irin zogale ko gwaiba ko gwanda ko darbejiya. Sharaɗin shi ne kada dashen ya daɗe a ciki, domin rabin lita ce kawai, saiwa takan cika ta ta fara nannaɗewa, kuma itacen da saiwarsa ta nannaɗe yana ƙarami ba ya yin ƙarfi yadda ya kamata. Zogale ya fi kowa saurin yin haka. Ranar dashe a tsaga ledar da reza daga gefe, a zare ta a hankali, a jefa ta a buhun da aka tanada. Na sha ganin wuraren da aka yi dashen itatuwa aka binne su da ledarsu, ko aka watsar da ledojin a filin, kuma a nan ne aikin alheri yake komawa ɓarna.

Roba ba ta ruɓewa ta zama taki. Zafin rana ne yake busar da ita har ta tsattsage, ta koma ɓarɓashi, ta gauraye da ƙasa yadda ba mai iya tsince ta. Buhun shinkafa ko na takin zamani da ake shuka doya ko dankali a ciki ya fi komai saurin lalacewa. Wani ba ya kai shekara a rana sai ki taɓa shi ya zube kamar gari. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2021 inda ta ce noma da kiwo, haɗe da kamun kifi da aikin gandun daji, suna cin tan miliyan 12.5 na roba a shekara, kuma ta yi gargaɗi kan taruwar ɓarɓashinta a ƙasar noma. A yankin Xinjiang na ƙasar Sin, inda aka shafe shekaru ana shimfiɗa siririyar leda a gonakin auduga, ragowarta ta taru a ƙasa har tana hana ruwa da saiwa ratsawa. Don haka ba na goyon bayan shimfiɗa baƙar ledar cefane a kan ƙasa don tsare damshi. Busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko buntun shinkafa suna yin wannan aikin, kuma daga baya su zama taki. Haka nan idan kin sayi takin shara irin wanda manoman gefen Kano suke ɗiba daga bola, ki tankaɗe shi da rariyar waya kafin ki zuba, za ki yi mamakin ledar da za ta fito.

Da bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, jikin roba yana ɗaukar zafi har ya dafa saiwar da ke jingine da shi, musamman roba mai duhun launi. A naɗe jarkar da tsohon buhun algarara ko a kewaye ta da zana, a jera su kusa da juna inda inuwa take sauka da azahar. Wannan yana ceton shukar, yana kuma ƙara wa jarkar kwana.

Da zarar kin ga launin jarka ya koɗe, ko gefenta yana karyewa idan an lanƙwasa, ki juye ƙasar a wata ki fitar da ita tun tana ɗaukuwa. Kada a ƙona ta, domin hayaƙin roba guba ne, na PVC ya fi muni, kuma tokar ba ta da wani amfani a lambu. Kada kuma a jefa ta inda dabbobi suke kiwo. Duk mahauci zai ba ki labarin dunƙulen ledar da ake cirowa daga tumbin awaki da tumaki. 'Yan jari bola suna sayen jarka da bokiti da gora a kan kilo, su kai wa masu niƙawa, kuma sun fi son a ware musu kowane iri daban, a wanke ƙasar da ke jiki. Ledar ruwa ma akwai masu saye a manyan garuruwa idan an tara ta da yawa a bushe.

Idan da hunturu za ki fara, ki soma da salak da alayyahu a jarkoki uku ko huɗu, tunda cikin makonni kaɗan ake fara yanka, ki bar tumatir sai hannunki ya faɗa da ban ruwa. Allah Ya sa albarka, Hajiya.