Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan barcin ranar Babanta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Kin ce tun bayan rasuwar mahaifiyarku yake kwanciya bayan Azahar, ba ya tashi sai rana ta kusa faɗuwa, da daddare kuma idonsa biyu, kina tambaya ko ku hana shi barcin ranar. Wallahi ina karantawa gabana na faɗuwa, saboda da irin haka Hajiyarmu ta fara.

Kada ku hana shi gaba ɗaya. Ƙailula sunna ce, kuma a zafin Maris da Afrilu ko saurayi jikinsa mutuwa yake yi da rana, balle dattijon da ya tashi tun kafin Asuba. Minti 20 zuwa 30 ya isa, ya tashi garau kafin La'asar. Amma wanda zai kwashe awa uku ya tashi a gajiye yana tambaya ko gari ya waye, wannan ba ƙailula ba ce, a bincika.

Hajiya na da ciwon suga, tana shan maganin suga mai suna Daonil. Cin abincinta ya ragu, loma biyu ta ture kwano, amma maganin kullum sai an ba ta. Da aka ga ba ta barcin dare, matar yayanmu ta je wurin wani mai kemis a unguwa, ya haɗa mata ƙwayar barci da Piriton. Bai tambayi shekarunta ba, bai tambayi me take sha ba, kuɗinsa kawai ya karɓa. Ba wanda ya gaya mini. Duk lokacin da na buga waya sai a ce Hajiya na barci. Na ce barcin nan ya yi yawa, aka ce tsufa ne, ni na cika ƙorafi, su da ke zaune da ita sun fi ni saninta.

Ranar wata Juma'a na je bayan La'asar. Na tarar da ita kwance, matashin kai ya jiƙe sharkaf, zufa mai sanyi na karyo mata, tana wani irin minshari. Na kira, shiru. Na girgiza ta, hannunta ya faɗo. Matar yayan nan tana tsakar gida tana tankaɗe, ko miƙewa ba ta yi ba, cewa take in ƙyale Hajiya ta huta. Ta huta! Ni da wani yaron maƙwabta muka ciccibe ta zuwa adaidaita sahu, kanta a cinyata, ina ta Innalillahi, ina kiran sunanta. A asibiti suka ce suga ne ya faɗi ƙasa warwas, suka sa mata ruwa ta jijiya, ta buɗe ido. Likita ya ce in na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 4 (a ma'aunin mmol/L) to akwai haɗari, kuma ƙwayar barcin ce ta rufe alamun. Har yau ba wanda ya ce mini yi haƙuri, ni ce ma aka ce na kunyata gida. Mai kemis ɗin kuwa yana nan yana ciniki.

Don Allah ki kwashe duk maganin da Baba yake sha a leda, har na gargajiya, ki kai wa likita ya gani. A gwada suga, hawan jini da yawan jini. In kika taɓa samunsa ba ya farkawa, kada ki ɗura masa komai a baki, asibiti kawai. Ki sa ƙaninki ya kwana kusa da shi ya lura: sau nawa yake tashi fitsari, yana minshari numfashi na ɗaukewa? Duk suna cinye barcin dare. Goro da shayi bayan Magariba ma a janye masa su a hankali.

Sannan ki duba zuciyarsa. Mutumin da ya rasa abokiyar zaman shekara da shekaru, wani lokacin ba barci yake ba, kwanciya ce ta rashin abokin hira. Mu 'ya'ya sai mu aiko da kuɗi da kwanon abinci mu ce mun sauke nauyi. A fito masa da tabarma ya sha hantsi, a raka shi masallaci, jikoki su dame shi. In kuma ya fara mantuwa, ki faɗa wa likita, don wani bincike da aka yi a Amurka a 2022 ya gano alaƙa tsakanin dogon barcin rana da ciwon mantuwa na tsofaffi.

Ki rubuto mana sunayen magungunansa, kuma wa ke ba shi su in ba kya nan?